Tukuba Ko Rabin Duro: Wanne Ya Dace Da Gashin Nama A Gidan Bahaushe?

Gabatarwa

Duk matafiyin da ya bi hanyar Kano zuwa Daura da almuru, idan ya iso Kazaure, hancinsa ne zai fara ba shi labarin gari tun kafin ya sauka daga mota, domin ƙamshin tsire da balangu shi ke tarbar baƙo a bakin tasha. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, saboda masarautar da Ɗantunku ya kafa a 1819 a tsakanin ƙasashen Kano da Katsina da Daura masarauta ce ta Fulani, kuma har yau kiwo yana cikin manyan sana'o'in mutanen Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, da kuma maƙwabtansu na Babura. Inda dabba ta yawaita kuwa, dole fawa ta kafu, gashin nama ya zama sana'ar da ake gado.

A da, gashi aikin mahauta ne. Magidanci ba ya kusantar wuta da nama sai ran Layya ko ran suna, shi ma sau da yawa mahauci yake kira ya yi masa. Yanzu al'amari ya sauya. Ma'aikaci da ɗan kasuwa da malamin makaranta, kowa yana so ya ga yana da abin gashi nasa na kansa a tsakar gida. Da zarar Babbar Salla ta gabato, sai a ga masu walda suna tsaga duro biyu, suna yi masa ƙafafu da rodi, suna shimfiɗa waya a bisa. Mai hali kuma yakan aika Kano a sayo masa na kanti mai murfi da taya. Masu iya magana kan ce, mai nama shi ke neman wuta. To amma wace irin wuta ce ta dace ya nema, kuma a kan me ya kamata ya ɗora namansa?

Ra'ayin da wannan maƙala take ɗauke da shi shi ne, duk magidancin da zai zaɓi abin gashi, to ya auna shi da ma'aunin tukuba, watau ya duba ko abin nan yana ajiye nama a gefen wuta, a kan zafin garwashi, yadda mai tsire na gargajiya yake yi. Rabin duron da ke ɗora nama kai tsaye a bisa harshen wuta koma-baya ne, ko da yake ana yi masa kallon ci gaba, kuma lafiyar iyali da itatuwan ƙasa su ke biyan kuɗin wannan kuskure.

Hanyoyin Gashi A Gargajiyance

Kafin a yanke hukunci, ya kyautu a waiwayi abin da Bahaushe ya gada. Hanyoyinsa na haɗa nama da wuta ba tare da tukunya ba guda huɗu ne fitattu, watau tsire da balangu da kilishi da banda, kuma kowacce da irin wutar da take bukata.

Tsire shi ne naman da aka fiffige siriri, aka tsira a tsinke, aka barbaɗe shi da garin ƙuli-ƙuli da aka haɗa da barkono da citta da gishiri da sauran kayan yaji, sa'an nan aka yayyafa masa man gyaɗa. Wurin gasa shi ita ce tukuba, wadda take tudu ne na ƙasa da toka da ake ginawa a kewaye, a hura wuta a tsakiya, a kakkafa tsinkayen a jikin tudun suna ɗan rusunawa wajen wutar. Mai tsire yana zagayawa yana juya su, wanda ya nuna ya ja shi baya, ɗanye kuma ya matso da shi. Balangu kuwa tsoka ce da ake gasawa da kaurinta, a hankali, sai an zo saye a yanka. Kilishi shi ne naman da aka fiffige kamar takarda, aka shanya a rana har ya bushe, aka tsoma shi cikin labu, watau kwaɓin tunkuza da kayan yaji, aka sake shanyawa, daga ƙarshe aka ɗan nuna masa wuta. Banda ita ce busar da nama ko kifi da hayaƙi da ɗumin wuta na tsawon sa'o'i ko kwanaki, domin ya daɗe bai lalace ba.

Akwai kuma gashin ragon Layya irin wanda har yau ake gani a Maraɗi da Damagaram. A can, idan an feɗe rago, sai a buɗe shi a kan sanduna biyu da aka gicciya, a jera raguna a kewaye da babbar wuta, su wuni suna shan zafi daga gefe. Mai lura zai ga cewa wannan tukuba ce aka faɗaɗa. Abin da ya haɗa yawancin hanyoyin nan shi ne, nama yana gefe, wuta tana gefe, zafi ne kaɗai ke tafiya tsakaninsu, kitsen da ya narke kuma yana gangarawa ƙasa ya nutse a toka.

Abin Da Turawa Suka Gano Daga Baya

Wanda ya sayi abin gashi na kanti yakan ɗauka ya sayi wata hikima da Bahaushe bai sani ba. Tarihin abin ya nuna akasin haka. Shahararren abin gashin nan mai kama da tukunya da murfi, wanda ake kira Weber, wani ma'aikacin ƙarfe ne mai suna George Stephen ya ƙirƙiro shi a Cikago ta Amurka a 1952. Abin da ya yi shi ne, ya ɗauki wani ƙwallon ƙarfe irin wanda ake sakawa a ruwa don yi wa jirage alama, ya raba shi biyu, ya yi wa rabin ƙasa ƙafafu, ya mai da rabin sama murfi, ya huda ƙofofin iska. Ashe ke nan shi ma daga abin da ya yi kama da rabin duro ya fara. Bambancin aikinsa da na mai waldar Kazaure shi ne murfin da ƙofofin iskar, domin su ne suke ba mai gashi iko ya danne harshen wuta, ya tara garwashi a ɓangare ɗaya, ya ajiye nama a ɗaya ɓangaren.

Haka nan a jihar Tekzas, inda aka shahara da gashin naman shanu, manyan masu sana'ar suna amfani da dogon bututun ƙarfe wanda aka liƙa masa akwatin wuta a gefe. Ana hura itace a akwatin, zafi da hayaƙi su ratsa ta cikin bututun inda nama yake, su fita ta wani bututun a ɗaya ƙarshen. Zafin sau da yawa yakan kasance kimanin digiri 110 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyas, kuma tsoka ɗaya takan yi sa'a 10 ko fiye kafin a sauke ta. Watau dai bayan dogon gwaji da kashe kuɗi, ƙwararrun can sun dawo kan ƙa'idar da mai tsire ya gada daga kakansa, ta raba nama da harshen wuta. Abin takaici shi ne, a daidai lokacin da waɗancan suke matsowa wajen hikimar tukuba, masu ita suna barin ta suna komawa inda waɗancan suka baro.

Illar Ɗora Nama A Bisa Harshen Wuta

Me ke faruwa idan aka shimfiɗa nama mai kitse a waya, wuta tana ci a ƙarƙashinsa? Kitsen yana narkewa ya ɗiga a kan garwashi, nan take wuta ta tashi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ya lulluɓe naman. Masana kimiyyar abinci sun tabbatar cewa wannan hayaƙi na ƙonannen kitse yana ɗauke da wasu sinadarai da ke manne wa nama, cikinsu har da wanda ake kira benzofirin, wanda Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa shi a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa sankara ga ɗan Adam. Bugu da ƙari, idan fuskar nama ta ƙone ta yi baƙi saboda tsananin zafi, wasu sinadaran masu cutarwa suna samuwa a cikin ƙonannen wurin. A tukuba kuwa, tun da kitse yana bin tsinke ya sauka a toka mai sanyi, yawancin wannan hayaƙi ba ya ma tasowa.

A watan Oktoba na 2015 wannan hukuma ta fitar da sanarwar da ta girgiza masu cin nama a duniya. Ta ce naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi don ajiya yana cikin abubuwan da ke haddasa sankarar hanji, kuma wanda ke cin giram 50 nasa kullum haɗarin kamuwarsa yana ƙaruwa da kimanin kashi 18 cikin 100. Hukumar ba ta ce a daina cin nama ba, kuma wanda yake cin tsire jefi-jefi ba shi ne abin nufi ba. Darasin da ke ciki shi ne, hayaƙi ba abin wasa ba ne, kuma duk dabarar da za ta rage baƙinsa a jikin nama ta cancanci a riƙe ta.

Illa ta biyu ta fi wannan saurin bayyana. Wuta mai harshe tana ƙona waje ta bar ciki ɗanye, mai gida ya ga baƙi-baƙi ya ɗauka nama ya gasu. Naman sa da bai nuna ba shi ke kawo tsila, na kaza kuwa yakan kawo gudawa da zazzaɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tabbata zafi ya kai digiri 70 har tsakiyar nama, alamarsa kuwa ita ce idan an tsaga tsoka ruwan da zai fito ya zama garau, babu ja a ciki. Wannan ba ya samuwa sai da wuta mai sauƙi da haƙuri, domin a sha'anin gashi sauri nawa yake haifarwa.

Ƙarfen Da Ake Ɗora Nama A Kai

Tambayar da ya kamata mai saye ya fara yi wa mai walda ita ce, me wannan duro ya ɗauka kafin ya zo hannunsa? Duro ba a ƙera shi don abinci ba. Wani na baƙin mai ne, wani na kwalta, wani na sinadarin masana'anta, wani ma na maganin ƙwari ko na ciyawa irin wanda manoma ke fesawa. Wanki da ruwa da sabulu ba ya raba ƙarfe da irin waɗannan abubuwa, kuma da zarar ya ji wuta sai su tashi su shiga nama. Fentin jikin duro ma abin tsoro ne, domin wasu fentoci suna ɗauke da dalma, wadda take taruwa a jikin yara ta dakushe musu ƙwaƙwalwa. Duron da bai ɗauki komai ba sai man girki ko makamancinsa shi ne abin nema, shi ma sai an cika shi da itace an ƙone shi ƙurmus, fenti ya zube, an kankare, an shafe da man gyaɗa, kafin a kusantar da nama gare shi.

Wayar da ake shimfiɗawa ita ma tana bukatar lura. Wayar shinge mai ƙyalli an lulluɓe ta ne da tutiya don kada ta yi tsatsa, tutiya kuwa idan ta sha zafi tana ɓarewa. Wasu kuma sukan ciro ragar cikin tsohon firji su ɗora a wuta saboda sun ga ta yi kama da abin gashi, alhali wasu daga cikin tsofaffin ragogin nan an shafe su da wani ƙarfe mai guba da ake kira kadmiyam, wasu kuma roba ce a jikinsu. Abin da ya dace shi ne baƙin rodi tsantsa wanda maƙeri ya jera, ko kuwa ƙarfen nan da ba ya tsatsa irin na cokula. Araha ba ta ado, kuma kuɗin da aka rage a wajen mai walda ana iya biyan ninkinsa a asibiti.

A nan ma tukuba ta tsere wa duro, domin ba ta bukatar komai sai ƙasa da toka da tsinke. Talaka a Gwiwa zai iya gina ta da hantsi, ya yi gashi da la'asar, bai kashe ko kwabo a kan ƙarfe ba.

Itace Da Gawayi

Ɗanɗanon gasasshen nama rabinsa daga itace yake fitowa, saboda haka zaɓen makamashi bai gaza zaɓen dabba muhimmanci ba. Itatuwa masu nauyi irin su marke da ƙirya da aduwa da bagaruwa su ne ke ba da garwashi mai daɗewa, marar yawan hayaƙi. Gawayin ƙirya ma shi maƙera suka fi so tun zamanin da, saboda ƙarfin zafinsa. Ɗanyen itace ko wane iri ne yana sa nama ƙauri. Itatuwa masu farin ƙaro kamar tumfafiya da tinya ba a kusantar da su ga abinci. Katakon da aka yi wa fenti ko aka jiƙa da maganin gara, da tsohuwar tayar mota, da leda, da roba, duk guba ne a wuta, ko da kuwa don a tayar da ita ne kawai. Kananzir da fetur ma haka, warinsu ba ya barin nama. Karan dawa da busasshiyar ciyawa sun isa tayar da wuta, sa'an nan a jira har harshe ya kwanta, garwashi ya yi farar toka a bisa, kafin a kawo nama.

Wajibi ne kuma a tuna cewa garwashi yana fitar da wata iska marar launi, marar wari, wadda ake kira kabon monoksaid. Ita ce ke kashe mutanen da suka kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Don haka ba a gashi a cikin ɗaki ko a zaure mai rufe, kuma ba a shigar da abin gashi ciki don a ji ɗumi bayan an gama. Wurinsa fili ne, nesa da danga da rumbu da rufin ciyawa, musamman a watannin da iskar hunturu ke kaɗawa komai ya bushe.

Akwai wani lissafi da ya wuce na gida ɗaya. Kafin a sami kilo ɗaya na gawayi ta hanyar binne itace a rami, sai an ƙone kilo 5 zuwa 10 na itace. Jigawa tana cikin jihohi 11 na Arewa da ke fuskantar gurgusowar hamada, waɗanda shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa. Tarayyar Afirka ta amince da shirin a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Dattawan Roni da Babura shaida ne a kan yadda marke da ƙirya suka yi ƙaranci a dazuzzukan da suka sani da ƙuruciya. Buɗaɗɗen rabin duro yana cin gawayi fiye da kima, saboda iska tana hura shi ta ko'ina, zafi kuma yana tsere wa sama. Tukuba tana tsare wuta daga iska, wuta ɗaya kuma tana gasa tsinkaye masu yawa a kewayenta. Magidancin da ya zaɓi abin gashi mai tattalin gawayi ya taimaki aljihunsa, ya kuma bar wa jikansa inuwa.

Batun Banda

Bayan Layya, matsalar kowane gida ita ce ajiya. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, firjin da ba wuta kuwa akwati ne kawai. Saboda haka banda ba ta tsufa ba, har yau ita da suya su ne madogarar uwargida, kamar yadda take madogarar masuntan da ke kamun kifi a Dam ɗin Muhammadu Ayuba na Kazaure. Sai dai banda tana da ƙa'idodinta. Ana yanka nama sirara, a cire kitse saboda shi ke fara yin ɗoyi, a sa gishiri, a jera a kan raga mai nisa daga wuta, a rufe sama don ɗumi ya zauna. Hayaƙin da ake so shi ne siriri mai haske. Farin hayaƙi mai kauri ko baƙi alama ce ta ɗanyen itace ko ƙarancin iska. Ana ci gaba da juyawa har nama ya bushe ya yi tauri, domin bushewar ce ke hana shi ruɓewa, hayaƙi taimako kawai yake yi. Naman da ya yi baƙi a waje alhali cikinsa da danshi, cikin 'yan kwanaki zai yi fumfuna ko tsutsa.

A nan akwai abin koyi daga Gana. A 1969, a wata unguwar masunta da ake kira Corko a birnin Ankara, aka fito da wani murhun banda na laka mai kusurwa huɗu, da ƙofar wuta a ƙasa, da faifan waya masu bakin katako da ake ɗorawa ɗaya bisa ɗaya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyar binciken abinci ta ƙasar ne suka yi aikin tare da matan unguwar. Da yake faifan suna tare zafi da hayaƙi, murhun yana busar da kifi mai yawa da itace kaɗan, shi ya sa ya bazu a ƙasashen Afirka da dama. Duk maginin da ya iya gina tanderun gurasa zai iya gina irinsa a kusurwar gida, kuma ƙasar gini ba ta yi wuya a Kazaure ba.

Wani abu da banda ba ta iyawa shi ne gyara naman da ya zo da cuta. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da ɓullar ciwon saifa a wata gonar dabbobi kusa da Suleja a jihar Neja, ƙwayar wannan cuta kuwa gashi da hayaƙi ba abin dogaro ba ne wajen kashe ta. Dabbar da ta faɗi ba a san dalili ba, a kira malamin dabbobi, kada a yi saurin sa mata wuƙa don gudun hasara.

Hujjar Masu Son Duro

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Masu son duro suna cewa tukuba a ƙasa take, ƙura da ƙuda da toka suna samun nama, awaki da yara suna gilmawa. Suna cewa ba a ɗaukar ta a kai wani wuri, ruwan sama yana rushe ta, ba ta kuma dace da gidan siminti ko gidan haya ba. Daɗin daɗawa, balangu da kaza da kifi ba sa tsayuwa a tsinke yadda tsire yake yi, dole sai da waya.

Duk waɗannan maganganu gaskiya ne. Har ma ana iya ƙara musu da cewa wasu masu tukuba suna da mummunar al'ada ta barin gasasshen tsire a bayan tudu tun la'asar har dare, ba zafi ba sanyi, wanda shi ne yanayin da ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Ƙa'idar masana ita ce, kada dafaffen abinci ya wuce sa'a 2 a ajiye haka nan, sai dai a riƙe shi da zafi sama da digiri 60, ko a sake gasa shi sosai kafin a ci. Naɗe nama a takardar buhun siminti ko tsohuwar jarida shi ma aibi ne da ya kamata a bari, ko a tukuba aka gasa ko a duro.

Amma idan aka duba da kyau, waɗannan hujjoji suna sukar inda tukuba take zaune ne, ba su taɓa ƙa'idar da take aiki da ita ba. Ƙura da awaki maganinsu a ɗaga tukuba a kan dakali mai tsawon ƙugu, a kewaye ta da raga. Mai gidan haya kuma yana iya riƙe duronsa, ya mai da shi tukubar ƙarfe, watau ya tara garwashi a kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa, ya bar sauran babu wuta, ya ajiye kwanon ruwa a ƙarƙashin nama don tare kitse, ya mai da ɗaya rabin duron murfi. Idan naman ya nuna, sai ya kai shi kan garwashi na ɗan lokaci don ya yi ja.

Shawarwari

Ga magidanci, kafin ya biya kuɗi ya tabbatar da abu huɗu. Na farko, ya san asalin ƙarfen da abin da ya taɓa ɗauka. Na biyu, abin ya kasance da faɗin da za a raba wurin wuta da wurin nama. Na uku, ya kasance da murfi da ƙofar iska da ake iya buɗewa da rufewa. Na huɗu, a iya ɗaga wayar ko sauke ta, a kuma iya cire ta a wanke. Na kanti mai tsada da ya rasa waɗannan bai kai tukubar laka ba. Haka kuma wuƙa da faranti da suka taɓa ɗanyen nama kada su taɓa gasasshe sai an wanke su.

Ga maƙera da masu walda, lokaci ya yi da za su zauna da mahauta su ji yadda wuta take aiki, domin mai ƙera abu ya kamata ya san abin da za a yi da shi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Husaini Adamu tana nan a Kazaure, kuma ƙera tukubar ƙarfe mai tsayuwa, wadda wuta ke tsakiya tsinkaye na kewaye, aiki ne da ɗalibanta za su iya. Ga Sarakunan Fawa da ma'aikatan duba-gari na ƙananan hukumomi, su ne suka fi kowa ikon hana babbaka da taya da gashi a duron magani, tun da mahauci yana jin maganar shugabansa. Ga ɗaliban Hausa kuwa, akwai aiki a gabansu na zuwa wurin tsofaffin mahauta su rubuta sunayen sassan nama, da na itatuwan gashi, da matakan ginin tukuba, tun masu sanin suna raye.

Kammalawa

Babu laifi Bahaushe ya karɓi sabon abu, ya kuwa sha karɓa ya mai da shi nasa. Laifin shi ne ya saki abin da ke hannunsa tun bai san amfaninsa ba. Wanda ya fara tara toka ya kakkafa tsinke a gefen wuta bai san sunan benzofirin ba, amma ya san naman da hayaƙin kitse ya buga ba ya daɗi, ya kuma san itace wahalar samu gare shi. Binciken zamani ya zo ya gaskata shi a kan duka biyun. Da tsohuwar zuma ake magani. Saboda haka idan Salla ta ƙarato, magidanci ya tsaya a gaban mai walda, abin da ya kamata ya fara dubawa a jikin duron shi ne inda kitse zai ɗiga. Idan a kan wuta ne, to ya sa a gyara, ko kuwa ya koma gida ya kwaɓa ƙasa.